Duba Shafin Intanet a Burauza Kafin a Sake Shi ga Jama'a

Tambaya: Wani matashi ya rubuto cewa ya kammala haɗa wa kawunsa shafin intanet na shagon yadudduka da ke Kasuwar Kantin Kwari a Kano. Ya rubuta shi da HTML da CSS da ɗan JavaScript, wato yarukan da ake gina shafin intanet da su, kuma duk lokacin da ya danna fayil ɗin sau biyu a kwamfutarsa, komai yana fitowa yadda yake so. Yana so ya san ko wannan dubawar ta wadatar har ya biya kuɗin masauki, wato hayar wurin ajiye shafi a intanet, ya ɗora shafin, ko kuwa da sauran abin da ya kamata ya gwada.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa aikin albarka, kuma ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka kashe kuɗin kawu. Dubawar da ka yi ba ta wadatar ba, domin abin da ta tabbatar maka shi ne shafin yana aiki a kwamfutarka, da fayilolinka, da haruffan da ke cikin na'urarka, alhali wanda zai buɗe shi gobe don ya ga farashin shadda yana riƙe da wata waya ce daban, a kan layin da ƙila yake tafiyar hawainiya. Amfanin gwaji shi ne ka kusanto da kanka ga halin da wancan mutumin zai tarar da shafin, mataki bayan mataki, tun kafin ya gan shi.

Mu fara da abin da kake yi yanzu. Idan ka dubi gurbin adireshi na burauza bayan ka danna fayil ɗin, za ka ga rubutun ya fara da file:/// maimakon http, wato burauzar tana karanto fayil ɗin ne kai tsaye daga cikin kwamfutarka, ba tare da wata uwar garke a tsakani ba. Uwar garke ita ce kwamfutar da ke ajiye shafi tana miƙa shi ga duk wanda ya nema, kuma da zarar ka ɗora aikinka a intanet, ta hannunta komai zai riƙa bi. Rashinta a lokacin gwaji yana ɓoye wasu kurakurai, yana kuma ƙirƙiro wasu da babu su. Misalin wanda yake ɓoyewa shi ne hoton da aka nuna wa shafi hanyarsa da cikakken adireshin kwamfuta, irin wanda ke farawa da C:\Users, domin a wurinka hoton zai fito tsaf tunda yana nan a inda aka ce, amma a duniya babu wata na'ura da ke da wannan foldar sai taka. Misalin wanda yake ƙirƙirowa kuma shi ne adireshin da ya fara da alamar / kamar /hotuna/shadda.jpg, wanda daidai ne a kan uwar garke amma zai ƙi fitowa idan an buɗe fayil kai tsaye, sai mai koyo ya ɗauka ya yi kuskure ya je ya ɓata abin da yake daidai. Haka nan burauza tana hana wasu ayyukan JavaScript gudana a wannan yanayi saboda dalilan tsaro, musamman idan shafin yana janyo bayanai daga wani fayil, kamar jerin farashin da aka ajiye a gefe. Shi kuwa PHP, wani yaren da ake rubuta wasu shafuka da shi, ba ya aiki kwata-kwata ta wannan hanyar, domin uwar garke ce ke sarrafa shi.

Maganin wannan shi ne ka mayar da kwamfutarka ƙaramar uwar garke, kuma abin bai kai wahalar da sunansa ke nunawa ba. Idan akwai manhajar Python 3 a kwamfutar, ka buɗe foldar da shafin yake, ka rubuta cmd a gurbin adireshin foldar ka danna Enter, sannan a baƙin allon da zai buɗe ka rubuta python -m http.server 8000, ko kuma py a madadin python idan Windows ba ta gane na farkon ba. Daga nan sai ka koma burauza ka rubuta localhost:8000. Kalmar localhost tana nufin wannan kwamfutar da kake kai, lambarta kuma 127.0.0.1, ita kuwa 8000 lambar ƙofar da ka buɗe ce. Idan da manhajar VS Code kake rubuta shafin, akwai wani ƙari mai suna Live Server da ke yin wannan aikin ta ƙofa ta 5500, kuma yana sabunta shafin da kansa duk lokacin da ka adana gyara. Masu aiki da PHP ko WordPress su ne ke buƙatar XAMPP, inda ake zuba fayiloli a cikin foldar htdocs, amma ga shafi irin naka ban ga dalilin ɗora wa kwamfuta wannan nauyin ba. Duk wannan ba ya cin data ko kaɗan, domin saƙon ba ya fita daga kwamfutar.

Sai dai akwai kuskure guda da ko wannan ƙaramar uwar garken ba za ta kama maka ba muddin a kan Windows take, kuma shi ne na fi ganin yana kunyata masu farawa. Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, saboda haka Atamfa.JPG da atamfa.jpg duk abu ɗaya ne a wurinta. Mafi yawan kamfanonin masauki kuwa da Linux suke aiki, kuma a wurin Linux waɗannan sunaye biyu ne na fayiloli biyu daban. Na taɓa yi wa wata makaranta shafi, na gwada shi a kwamfutata har na gamsu, muka ɗora da daddare, washegari da safe shugaban makarantar ya kira ni ya ce hotunan ɗalibai duk sun zama fararen akwatuna. Da na bincika sai na tarar kyamarar da aka ɗauki hotunan da ita tana rubuta ƙarshen suna da manyan haruffa, ni kuma a cikin shafin da ƙananan haruffa na kira su. Gyaran bai ɗauki rabin awa ba, amma kafin nan iyaye da yawa sun riga sun buɗe sun gani. Tun daga ranar nake bin ƙa'ida ɗaya, kuma ita nake ba ka shawarar ka bi: kowane fayil da kowace folda a sa musu suna da ƙananan haruffa zalla, babu tazara a tsakanin kalmomi sai dai ƙaramar sanda, kamar shadda-fara-1.jpg, kuma kada a sa haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil ko da a cikin rubutun shafin ana amfani da su.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya keɓanci shafin da aka rubuta da Hausa, wanda littattafan koyon wannan sana'a na ƙasashen waje ba su cika tunatar da mutum ba, wato haruffan ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y. Matsala biyu ce ke samun su, kuma kowace da alamarta. Ta farko ita ce burauza ta kasa gane tsarin da aka adana rubutun da shi, sai ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ kuma ta koma É—, kalmar kuɗi ta zama abin da ba ya karantuwa. Maganinta shi ne a adana fayil da tsarin UTF-8, a kuma sa layin meta charset="utf-8" a can saman shafin, sannan yana da kyau a rubuta lang="ha" a farkon shafin domin burauza da injinan bincike su san Hausa ce. Ta biyun ta fi wuyar lura, domin rubutun yana karantuwa amma ba ya da kyan gani: zanen haruffan da ka zaɓa ba shi da waɗannan haruffa, sai burauza ta aro su daga wani zanen, ka ga ɗ ɗaya a tsakiyar kalma ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo, a tsohuwar waya ma ta fito a matsayin ɗan akwati. Abin da ya sa wannan ke yaudarar mutane shi ne ba a wuri ɗaya haruffan suke ba a cikin tsarin Unicode: ƙ da ƴ da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna cikin rukunin haruffan nazarin furuci, saboda haka zane yana iya samun wasu ya rasa wasu. Ni abin da nake yi shi ne in rubuta jimla guda mai ɗauke da dukkansu, manya da ƙanana, in sa ta a kanun shafi da cikin rubutu da kan maɓallai, in duba ta da idona a kwamfuta da waya, sannan in goge ta. Zanen haruffa na Noto Sans na Google yana da waɗannan haruffa duka, haka ma Andika da Charis na ƙungiyar SIL.

Bayan haka sai ka saba da madannin F12, wanda ke buɗe kayan bincike na cikin Chrome ko Edge ko Firefox. Sashe biyu kawai nake so ka fara riƙewa. A sashen Console ne burauza ke rubuta kokenta da jan rubutu, kuma shafin da za a saki bai kamata ya bar ko layi ɗaya ja da ba ka san dalilinsa ba. A sashen Network kuma za ka ga jerin duk fayilolin da shafin ya nema idan ka sabunta shi, da lambar amsar kowanne: 200 tana nufin an samu, 404 kuma ba a samu ba. A ƙasan wannan jerin akwai jimillar nauyin shafin, kuma a nan ne shafukan 'yan kasuwa suka fi faɗuwa, domin hoton da aka ɗauko kai tsaye daga kyamarar waya yakan haura megabayit biyu ko uku, to idan ka jera yadi kala talatin a shafi ɗaya ka ga irin datar da kake nema mai saye ya ƙona kafin ya ga leshi ɗaya. A kwamfutarka ba za ka taɓa jin wannan nauyin ba, domin daga cikin gida ake ɗauko hotunan. Shi ya sa a wannan sashen akwai wurin da za ka rage gudun layi da gangan ka mayar da shi na 3G, ka sabunta shafin, ka zauna ka ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka. Idan kai da ka yi aikin ka ƙosa da jira, baƙo ya daɗe da rufewa. Hoton yadi da aka rage faɗinsa zuwa wajen fiksel 800 aka kuma matse shi yana nuna launi da zane yadda ya kamata a waya, da nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na asalin ba.

A ɗan gefe, ka lura da ma'ajiyar wucin gadi ta burauza, inda take adana kwafin fayilolin da ta taɓa gani don kada ta sake janyo su. Sau da yawa mutum zai gyara launi a CSS, ya sabunta shafi, ya ga babu canji, ya yi ta sake gyara abin da ya riga ya gyaru, alhali tsohon kwafi ake nuna masa. Danna Ctrl da Shift da R tare yana tilasta mata ɗauko sabo, kuma a sashen Network akwai akwatin Disable cache da za ka iya yi wa alama muddin kana aiki.

Tunda kusan duk masu hulɗa da shagon kawu ta waya za su shigo, girman fuskar waya shi ne ma'aunin farko. Idan kayan binciken suna buɗe, danna Ctrl da Shift da M zai matse shafin ya koma siffar waya, kuma ina ba ka shawarar ka sa faɗin a 360, wanda ya yi daidai da wayoyin Android da yawa masu sauƙin kuɗi. Idan ka ga rubutun ya ƙanƙance kamar an ɗauki hoton allon kwamfuta daga nesa, to layin viewport, wanda ke gaya wa burauza ta daidaita shafi da faɗin fuskar waya, shi ne babu a saman shafin, domin in babu shi burauzar waya takan ɗauka faɗin shafin ya kai wajen fiksel 980 sai ta matse shi gaba ɗaya. Ka kuma gwada jan shafin zuwa gefe, domin idan yana motsawa hagu da dama, akwai hoto ko jadawalin da ya fi fuskar faɗi. Amma kada ka ba wannan kwaikwayon amanar da ta wuce ƙarfinsa, domin har yanzu ƙarfin kwamfutarka ne ke tafiyar da shi, da haruffanta, kuma da linzami kake dannawa, wanda ya fi yatsa saiti nesa ba kusa ba.

Gani ya kori ji, don haka sai an kai ga waya ta gaske, kuma ana iya yin haka tun shafin bai bar kwamfutarka ba. Ka haɗa kwamfutar da wayar a kan Wi-Fi ɗaya, ko ka kunna rabon intanet na wayar ka haɗa kwamfutar da shi. A baƙin allon nan ka rubuta ipconfig, ka nemi layin IPv4, za ka ga lamba wadda galibi takan fara da 192.168. Yayin da uwar garken Python take kunne, ka rubuta wannan lambar a burauzar wayar, ka bi ta da :8000, shafinka zai buɗe. Idan ya ƙi, yawanci katangar tsaro ta Windows ce ta hana, sai ka ba Python izini a kan layin gida. Wayar da za ka gwada da ita kada ta zama mafi tsada a gidan, gara ka nemi itel ko Tecno ko Infinix da ta kwana biyu, irin wadda ke hannun mafi yawan masu saye. Abin da na fi amfana da shi a duk gwaje-gwajena shi ne in miƙa wa mai aikin wayar, in ce masa ya nemo mini farashin kaza ya kuma tuntuɓi shagon, sannan in yi shiru ina kallon yatsansa. Ka yi wa kawu haka a bakin shago da rana tsaka. A nan za ka ga ko rubutu mai ruwan toka a kan fari yana ganuwa cikin hasken rana, ko maɓallai biyu sun matsu har yatsa yana danna wanda ba a nufa ba, da kuma inda ya tsaya yana neman abin da kai kake ganin a fili yake. Ka tabbata an danna maɓallin WhatsApp an ga ya buɗe hira da lambar da ta dace, domin adireshin wa.me yana buƙatar lambar ta fara da 234 ba tare da sifilin farko ko alamar tarawa ba, kuma lamba ɗaya da aka kuskure za ta riƙa tura masu saye wurin wani mutum daban.

Game da gwadawa a burauza daban-daban, ba sai ka tara goma ba, domin injina uku ne ke ƙarƙashin kusan dukkansu. Chrome da Edge da Opera da Samsung Internet duk a kan Blink suke, Firefox tana da Gecko, Safari kuma WebKit, wanda a mafi yawan ƙasashe shi ne ke tafiyar da kowace burauza a iPhone ko da sunanta Chrome. Ɗaya daga kowane gida ya isa, sai ka ari iPhone na 'yan mintuna. Wadda ta fita daban ita ce Opera Mini, wadda mutanenmu da dama ke amfani da ita don tsimin data: a yanayinta na matsanancin tsimi, kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shafin su matse shi kafin su turo wa waya, saboda haka JavaScript ba ya aiki yadda aka saba. Idan farashi da lambar waya sai da JavaScript suke bayyana, mai wannan burauzar yana iya ganin shafi babu su, don haka ka rubuta muhimman bayanai a cikin HTML ɗin kansa. Wannan yanayin ba ya gwaduwa a kan layin gida, tunda kwamfutocin kamfanin ba za su iya isa ga kwamfutarka ba.

Gwajin Opera Mini da wasu abubuwa kaɗan ba sa yiwuwa sai shafin ya hau uwar garke ta gaske, kuma a nan ne ake buƙatar wurin gwaji. Bayan ka biya masauki, ka buɗe ƙaramin reshe a ƙarƙashin sunan shafin, misali ka sa kalmar gwaji a gabansa, ka ɗora komai a can tukuna, ko kuma ka yi amfani da masaukin kyauta irin GitHub Pages ko Netlify, waɗanda suka dace da shafin da ba shi da PHP. A reshen masaukin da ka biya ne matsalar manya da ƙananan haruffa za ta fi fitowa fili. A nan za ka ga ko adireshin yana buɗewa da https ba tare da gargaɗi ba, domin fayil ɗaya da aka kira da http a cikin shafi mai https yana iya sa burauza ta toshe shi. Idan akwai fom ɗin aika saƙo, ka cika shi da kanka ka tabbata saƙon ya iso akwatin imel, ka duba har cikin foldar tarkace. Idan nan gaba kuka ƙara biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, dukansu suna da yanayin gwaji da ba ya taɓa kuɗin gaske. Ka tura adireshin ga kanka a WhatsApp ka ga hoto da taken da zai fito a ƙarƙashinsa, waɗanda layukan og:title da og:image ke tantancewa, domin ta wannan hanyar ce mafi yawan mutane za su fara cin karo da shagon. Muddin shafin yana wurin gwaji, ka sa masa umarnin noindex don kada Google ya kwashe shi da farashin wasa a ciki, kuma ka rubuta a takarda cewa za ka cire wannan umarnin ranar saki, domin na ga shafin da ya yi watanni ba ya fitowa a bincike saboda an manta da shi.

Kafin ɗorawar ƙarshe, ka buɗe foldar aikin a VS Code ka danna Ctrl da Shift da F, ka nemi kalmar localhost, sannan 127.0.0.1, sannan C:\, sannan kalmar gwaji, ka gyara duk inda suka fito. Ka zauna da kawu ku bi farashi da sunayen yadudduka ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗa kai kana dubawa. Bayan ka ɗora a ainihin adireshin, ka kashe Wi-Fi na wayarka, ka kunna data, ka buɗe tagar sirri ta burauza wadda ba ta riƙe da tsohon kwafi, ka rubuta adireshin da hannunka sau biyu, da www da kuma babu shi, ka danna kowane mahaɗi har zuwa na ƙasan shafi, kafin ka tura wa kawu ya raba wa abokan cinikinsa.